Ƙafar Hagun Idi

Ku matso kusa, manya da yara, ku kasa kunne. Mai tauna ya haɗiye, mai magana ya ajiye maganarsa, in na gama ya ɗauka. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya na iya magana. Abu ne da ya faru a gaban idona, kuma da hannuna a ciki.

Ranar wata Laraba ce, mako biyu bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da aka yi wa makarantar garinmu rufin kwano. Gero ya nuna, an fara girbi, ko'ina ƙamshin sabon hatsi da ɗanyar gyaɗa. Garin namu ɗan ƙarami ne tsakanin Daura da Sandamu, in ka tsaya a bakin rijiyarmu da hantsi kana hango masu jakuna suna wucewa kasuwa. Ina zaune a gindin wata bedi a bakin filin makaranta, awakinmu uku suna kiwo a bayana. Ƙanena Idi yana tsaye, ya jingina da jikin itacen, sandarsa a hammata. Ina da shekara goma sha ɗaya, shi takwas. 'Yan ajinsu suna tsakiyar fili suna ta ihu, malaminsu, Malam Tukur, da usur a baki. Sai wani yaro mai suna Ɗanjuma ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa, ta kauce, ta nufo mu a guje tana tsalle. Na kare fuskata da hannu. Da na buɗe ido, sai ga ƙwallo kwance a jikin ƙafar Idi ta hagu, ba ta koma baya ba, ba ta wuce ba, ta lafe kamar ɗan tsako ya sami uwarsa. Ƙafar hagun nan kuwa ita ce shanyayyiya.

Malam Tukur ya cire usur daga bakinsa, ya tako har inda muke, ya tsuguna. Ya ce, "Idrisu, wa ya koya maka wannan?" Idi ya ce, "Ba kowa, Malam. Ita ta zo." Malam ya ce, "To, bari ta sake zuwa." Ya ɗauki ƙwallon ya ja da baya, ya gangaro ta da ƙarfi. Ta bugi ƙafar, ƙafar ta yi baya kaɗan kamar labule, ƙwallo ta kwanta. Sau uku yana yi, sau uku tana kwanciya. Sai ya juya ya daka wa yara kira, ya ce, "Ku zo ku ga abin da na yi wata guda ina faɗa muku!"

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi muka zo gindin bedin nan.

Idi lafiya lau aka haife shi, har ya fara gudu yana korar kaji. Yana da shekara uku zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, da ya tashi sai ƙafar hagu ta ƙi tashi tare da shi. Aka ce shan inna ne. Mutanenmu a lokacin sun yarda cewa wata aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro, kuma in ta sha, ƙafar ta zama tata. Mahaifiyarmu, da muke kira Iya, ba ta ko kama sunanta, sai dai ta rage murya ta ce "mai ƙafar". Baba bai son irin wannan magana a gidansa, shi mutumin masallaci ne, amma ba abin da bai nema ba. An sha rubutu, an shafa man shanu da saiwoyi, har Daura ya taka ya ɗebo ruwan rijiyar Kusugu a gora aka wanke ƙafar. Ta ci gaba da ramewa, ta zama siririya kamar karan dawa, tana lilo. Baba ya sassaƙa masa sanda da icen aduwa, Idi ya koyi tafiya da tsalle, ƙafar damansa ta yi kauri ta yi ƙarfi kamar ta babban mutum. Iya kuwa tun ina ƙarama take ja mini kunne, tana cewa, "Talatu, ƙafar nan ba a tsokanarta. An ɗauki ɗaya an bar mana ɗaya, mu gode."

Da aka buɗe makarantar boko, mai unguwa ya bi gida gida yana cewa kowane magidanci ya ba da yaro ɗaya. Mutane ba sa so, don hannun yaro a gona ake bukatarsa. Kowa sai ya duba wanda rashinsa ba zai rage masa dami ba. Baba ya duba yayyenmu maza biyu da suka isa riƙe fartanya, ya dube ni mai ɗebo ruwa da surfe da kiwo, sai ya ba da Idi. Haka aka yi shi ya shiga aji, ni ban taɓa shiga ba. Amma ni ke kai shi, domin akwai wani kwari tsakanin gidanmu da makaranta da ruwan damina ya zaizaye, sanda ba ta hawansa. Kullum da safe in na gama shara da wanke kwanuka, sai in kora awaki, in mun iso bakin kwarin in durƙusa ya hau bayana, in sauka da shi in hau da shi, ƙafar damansa ta kama ƙuguna, ta hagun tana reto tana bugun cinyata. In tsaya kiwo a nan kusa, in an tashi tara in kai masa furarsa, in an tashi gaba ɗaya mu dawo. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa, kuma ni ya ɗora wa. Ya ce, "Karatu na ba da shi ya yi. Ban yarda ya shiga fili ba. Ƙafa ɗaya gare shi, in aka karya ta sai rarrafe. Idonki na kansa."

Shi Malam Tukur mutumin wajen Mashi ne, dogo, siriri, da kekensa mai ƙararrawa. Sauran malamai da bulala aka san su, shi da usur. Dattawan gari in sun hango shi yana tsalle da ƙafa ɗaya a tsakiyar yara sai su girgiza kai su ce, "Ikon Allah, gwamnati ta ɗauko ƙato da gemunsa ta ce ya zo ya yi langa." Ƙwallon fata ɗaya tal makarantar take da ita, tana kulle a ofishin hedimasta, sai Laraba ake fito da ita. Don haka Malam ya sa kowane yaro ya ƙulla tamolarsa da tsummoki, a naɗe da igiyar kaba. Bai taɓa jera su yana yi musu dogon bayani ba, kome cikin wasa yake sa shi. Sai ya zuba toka ya zagaye fili, ya ce nan garke ne, tamolar kowa akuyarsa ce, ya kora ta da ƙafa, ga kura nan guda za ta shigo. Yara su yi ta zagaye suna ihu, shi yana bin su yana cewa, "Kar akuyarka ta yi nisa da ƙafarka! Ɗaga kanka, mai kallon ƙasa bai ganin kura!" Wata rana ya ajiye duwatsu biyu ya ce ƙofar gida ce, kowa ya aika tamolarsa ta shiga ta sami ɗan'uwansa a ciki. Yaran ba takalma, in sun buga da yatsa farce ya fashe, sai ya kama ƙafar yaro ya juya masa ita gefe, ya ce, "Da cikin ƙafa ake sallama, ba da yatsa ba." Amma wasan da ya gagare su shi ne na ƙwan zabo. Malam zai jefo ƙwallo ya ce ƙwai ne, ka tare shi kar ya fashe. Yaran nan ƙafafunsu sun saba da kunyoyin gona da tuntuɓe, sun sandare, ƙwallo na taɓa su sai ta yi tsalle ta gudu, sauran su kwashe da ihu, "Ya fashe! Ya fashe! A kawo kasko!" Wata guda ana wannan, ni da Idi muna kallo daga inuwa, har ranar Larabar nan da ƙwallo ta zo da kanta.

Da yara suka watse a ranar, Malam ya dube ni ya ce, "Ke ce mai gadinsa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba ya hana, Malam." Ya ce, "Ba zan sa shi gudu ba, ba zan bari a taka shi ba. Tsayuwa kawai zai yi." Da a ce ya tafi ƙofar gidanmu a ranar ya yi sallama da Baba, wataƙila da labarin ya canja. Bai je ba, saurayi ne, yana ganin abin alheri bai bukatar neman izini. Ni kuwa da muka iso kwari, Idi na bayana, ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Yaya, don Allah, don Annabi." Da yamma na yagi gefen wani tsohon zanen Iya na ƙulla masa tamola.

Abin da na gani a watanni biyun da suka biyo baya, ban sake ganin irinsa ba. Da farko Malam ya sa shi a langa. Kun san langa, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle ana ture juna, akwai guda da ake kira ruwa, wanda 'yan ɓangarensa ke karewa har ya kai gidan abokan gaba. Malam yana cewa langa ce uwar ƙwallo, wai ƙafar da ke tsaye ita ke bugu, ba wadda ke lilo ba. To, su sauran yara langa wasa ce a wurinsu, Idi kuwa shekara biyar yana yin ta ba hutu. Ya jefar da sanda, ya kama shanyayyiyar da hannu, ya shiga. Ɗanjuma, wanda ya fi kowa ƙarfi da baki, wanda da yake kiransa Tsalle-ɗaya, ya zo ya bangaje shi, shi ya faɗi, Idi na tsaye. Ya tashi yana kaɗe wando yana cewa, "Malam, wannan ai cuta ce, shi a gida ma langa yake kwana yi!" Kowa ya yi dariya, har da Idi, kuma daga ranar in za a raba ɓangare faɗa ake yi a kan wa zai samu Idi ya zama ruwansa. Ban taɓa jin dariyar ƙanena da ƙarfi haka ba. Ashe yana da wushirya, ni da nake goya shi kullum ban lura ba.

Sannan Malam ya koma kan ƙafar hagun. Da ta iya tarewa, sai ya ce ta koyi mayarwa. Ya ajiye tamola a gabanta ya ce, "Tura mini ita ko da taki ɗaya ne." Idi ya yi ta yunƙuri, gumi na zuba, ƙafa ba ta motsa ba. Sai ya karkaɗa ƙugunsa, ƙafar ta yi lilo ta taɓa tamola, ta mirgina kaɗan. Malam ya busa usur kamar an ci gari. Kullum sai sun yi, kaɗan kaɗan, cikin wasa. Taki ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama tsawon tabarma. Rannan muna dawowa, ina cikin hawan kwari da shi a baya, sai na ji wani abu ya matse ni a kwiɓin hagu. Na tsaya cak. Na ce, "Idi, kai ne?" Ya ce, "Ni ne, Yaya." Na ce, "Sake." Ya sake. 'Yar dunduniyar nan da shekara da shekaru take reto tana bugun cinyata, ita ce ta kama ni. Ba ƙarfi, kamar kamun jariri, amma kamu ne. Muka tsaya a tsakiyar kwari muna dariya, awaki suka shiga gonar waken mutane ban sani ba.

Ana nan sai Malam ya sanar cewa 'yan wata makaranta daga Sandamu za su zo a buga ranar Alhamis ta kafin Babbar Sallah, da ƙwallon fata, a gaban mutanen gari. Ya ce Idi zai tsaya can gaba kusa da golan baƙin, ba gudu, in an aiko ƙwallo ya kwantar da ita, ya tura wa Ɗanjuma, shi kuma ya buga. Sun gwada ya fi a ƙirga. Idi ya daina zancen kome sai Alhamis. Ya ce mini in Baba ya gani da idonsa, ba zai yi faɗa ba. Wannan shi ne dukan shirinsa: Baba ya zo bakin fili ya ga ƙafar tana aiki.

Saura kwana goma ƙafar ta fara ciwo. Da farko ya ɓoye, amma mai goyo ba a ɓoye mata. Na ji yana cije baki in na ɗaga shi. Na sa shi ya zauna a bayan makaranta na duba. Ɗan naman sha-raɓarsa, wanda da laushi ne kamar tsumma, ya yi tauri, ya yi ɗumi, gwiwar ta ɗan tasa. Ina cikin dubawa sai na ga naman yana motsi shi kaɗai, yana ɓal-ɓal a ƙarƙashin fata, kamar wani abu mai rai na ciki. Maganar Iya ta faɗo mini: ba a tsokanarta. Na ce a raina mai ƙafar ce ta ji ana taɓa kayanta ta dawo, kuma in ta dawo ba za ta tsaya a ɗaya ba, ta daman za ta ɗauka, ko ta ɗauke shi gaba ɗaya. Idi ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam ya ce gajiya ce, in huta kwana biyu. Yaya, kar ki faɗa. Saura kaɗan." Kwana uku ina ɗauke da abin nan a raina. A rana ta huɗu da safe, muna surfe ni da Iya a gefen rumbu, taɓarya na sauka taɓarya na tashi, sai bakina ya buɗe. Na faɗa mata duka, tun daga Larabar farko. Iya ta saki taɓarya ta dafe ƙirji ta ce, "Talatu, kin kashe ni. Wata biyu?"

Baba bai doki kowa ba. Da ma ya doke ni. Ya sa aka kwantar da Idi a tabarma, ya tattaɓa gwiwar, ya ga kumburi. Shi bai yi zancen aljana ba, ya ce mugun jini ne ya taru, in aka bar shi zai ruɓar da ƙafar. Iya na cewa mai ƙafar, Baba na cewa mugun jini, amma maganinsu ɗaya ne a garinmu: kumburi sai sakiya. Aka aika wa wanzami. Bayan la'asar ya zo da zabirarsa, aka hura gawayi a tsakar gida, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Baba ya danne kafaɗun Idi, babban wanmu ya riƙe hannuwa, ni aka ce in riƙe ƙafar dama. Ta hagun ba wanda ya riƙe, don kowa ya san ba ta motsi. Idi kuwa ni kawai yake kallo. Da ƙarfe ya sauka a gefen gwiwa, ya yi ƙara, ƙauri ya tashi, sai ƙafar hagun nan ta ɗaga ta yi harbi, ta bugi hannun wanzami har ƙarfen ya faɗi ƙasa. Baba ya zura wa ƙafar ido, bakinsa a buɗe. Shekara biyar bai ga ta motsa ba. Ya gani da idonsa, kamar yadda Idi ya so, amma ba a bakin fili ba. Sai wanzami ya ɗauki ƙarfensa ya mayar wuta ya ce, "Kun gani ko? Abin ne ke neman hanyar fita. A riƙe ta da kyau." Aka riƙe ta. Wuri uku ya yi masa.

Kashegari Malam Tukur ya ga ba mu zo ba, ya biyo sawu. Ya jingine keke, ya cire takalma, ya durƙusa a zaure ya gaida Baba. Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya ce, "Malam, karatu na ba ka shi ka koya masa." Malam ya ce, "Na yi laifi, Baba, da ban zo na faɗa maka ba. Amma don girman Allah a bar ni in ɗauke shi a keke in kai shi asibiti Daura." Baba ya ce an riga an yi magani, a jira a gani. Aka jira. Ƙunar ta yi ruwa, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi. Idi ya kwanta ya naɗe ƙafar don zafi, bai yarda a miƙe ta.

Ranar Alhamis tun da hantsi muke jin hayaniyar yara da usur daga fili. Idi ya kira ni, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, "Yaya, je ki gano mini." Na je, na tsaya a gindin bedinmu, na kalla tun daga farko har ƙarshe, ban fahimci rabin abin da ake yi ba, amma na haddace kome don in kawo masa. Na dawo na zauna a bakin tabarmarsa na fara ba shi labari, da muryoyi da kwaikwayo, yadda 'yan Sandamu suka zo da riguna iri ɗaya, yadda golanmu ya faɗa cikin ƙaya. Ya katse ni ya ce, "Wa aka sa a wurina?" Na faɗi sunan yaron. Ya ce, "Ƙwan ya fashe?" Na ce, "Sau uku. Ɗanjuma har kuka ya yi, yana cewa da Tsalle-ɗaya na nan." Sai ya yi 'yar dariya, wushiryar ta fito, sannan ya juya fuskarsa bango. Bai tambayi wa ya ci ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai bayan Sallah da kwana biyu, da warin ya cika ɗaki, Baba da kansa ya je ya kira Malam. Aka ɗora Idi a keke aka kai shi Daura. Allah ya yi da sauran kwanansa, ciwon ya warke bayan wata uku, amma gwiwar ta warke a lanƙwashe, ta ƙage, ba ta sake miƙewa ba. Ƙafar da take lilo ta daina ko lilon. Yana kwance Malam ya zo masa da ƙwallon fatar makaranta, ɗinkinta ya farke, da basilla da zare, ya ce, "Idrisu, ba wanda ya san halin ƙwallon nan kamarka. Duba mini ita." Idi ya juya ta ya juya ta, ya fara ɗinki. Bai koma makaranta ba, ya ce ba zai iya zama a inuwa yana kallo ba kuma. Ni ma aikin goyo ya ƙare. Ban taɓa gaya masa cewa ni na faɗa ba, na bar shi a kan Iya ce ta gano da kanta. Kuma shekara da shekaru ina lallashin zuciyata cewa ceton ransa na yi.

Na yi aure, na haifa, na aurar. Ina da furfura wani jikana ya faɗo daga kan mangwaro ya karye a ƙafa, aka ɗaure ta a asibiti a Daura wata biyu. Da aka kwance, ƙafar ta rame, sai wata ma'aikaciya ta riƙa sa shi yana motsa ta, tana mirgino masa 'yar ƙwallo yana turawa. Bayan kwanaki yaro ya fara kukan ciwo, na taɓa sha-raɓarsa na ji tauri da ɗumi, na ga naman yana ɓal-ɓal. Nan da nan na kama hannun matar na ce ta bari haka nan. Ta yi murmushi ta ce, "Kaka, kwantar da hankalinki. Wannan ciwon alheri ne. Naman da ya daɗe yana barci ne yake farkawa. Hutu kaɗan da ruwan ɗumi, shi ke nan." Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a kan simintin asibiti, a gaban mutane. Hutu kaɗan da ruwan ɗumi. Abin da Malam ya faɗa ke nan, shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Daga asibitin ban nufi gida ba, na nufi bakin kasuwa inda Idi yake da rumfar gyaran takalma. Na same shi gemu ya yi fari, ƙafar a naɗe a ƙarƙashinsa, wata fasasshiyar ƙwallo a cinyarsa, yara uku sun tsuguna suna jira. Ya ce, "A'a, Yaya Talatu, lafiya kike tafe ba ko sallama?" Na jira yaran suka tafi, na faɗa masa. Na ce ni ce, ba Iya ba, kuma ga abin da na ji yau. Ya ci gaba da jan zare har ya kai ƙarshen layi, ya ƙulla, ya cije zaren. Sannan ya ce, "Ina bayan rumbu ranar, Yaya. Na ji ki tun daga taɓaryar farko." Na ce, "Shi ne ba ka taɓa cewa kome ba?" Ya ce, "In ce me? Tsoro kika ji. Ni ma da na ga tana motsi na ji tsoro, ban dai faɗa ba ne." Ya ɗan shafa gwiwar, inda tabo uku suke. Ya ce, "Wata biyu na yi da ƙafa biyu. Wa ya goya ni ya kai ni can? Share hawayenki, mutane na kallo, za su ce na hana ki gyaran takalmi."

Yanzu duniya ta canja. Ana bi gida gida ana ɗiga wa yara magani a baki, na daɗe ban ga ɗan ƙaramin yaro da shanyayyiyar ƙafa ba. An cike kwarin nan an yi kwalbati, babura na wucewa a kai. Makarantar ta yi ajujuwa da yawa, har 'yan mata ana fitar da su motsa jiki, jikata Hauwa'u tana dawowa da ƙura a ƙafa tana ba ni labarin yadda ake tare ƙwallo. Ban ce mata na riga ta sani ba. Ƙwallaye sun yi yawa, na roba da na fata, ba mai ƙulla tamola. Bedin ce dai aka sare.

Ba zan rufe da abin da ake rufe tatsuniya da shi ba, don ban yi muku ƙarya ba. Sai dai in gaya muku inda kowa ya ƙare. Baba bai sake ta da zancen ba har ya bar duniya, amma duk shekara bayan girbi sai ya sassaƙa wa Idi sabuwar sanda, ko ta bara ba ta lalace ba. Iya ta rasu tana gode wa Allah da aka bar mata ƙafar dama, ban ƙaryata ta ba. Malam Tukur an mayar da shi wajen Mashi bayan shekara biyu, na ji ya tsufa yana koyarwa, kuma daga kanmu bai sake sa yaro a fili ba sai ya je ya gaida uban. Ɗanjuma ya zama mai fataucin shanu zuwa Nijar, duk sanda ya shigo Daura sai ya tsaya a rumfar Idi, kuma ranar jana'izar Idi shi ya ɗauki gaban makara. Idi ya yi aure, ya bar 'ya'ya huɗu, ya rasu damina biyu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Yaran unguwarsu sun ce bai taɓa mayar da ƙwallo ba a ɗinke ba.

Saura ni. Ƙarfina ya tafi, amma har yau in aka ba ni jika na goya, sai in tsinci kaina na tsaya cak, ina jiran wata 'yar dunduniya ta matse ni a kwiɓin hagu.